Gani Bai Kori Ji Ba: Lacca a kan Karatun Tab da Alamomin Kod ga Sabon Makaɗin Jita



  An nemi in yi magana a kan yadda sabon mai koyon jita zai karanta rubutun da ake kira tab, da kuma alamomin kod, wato haruffan nan da 'yan akwatunan da ake ɗorawa a kan baitocin waƙa. Zan yi hakan gwargwadon iko, amma ba a fassara alamomi kaɗai zan tsaya ba. Akwai magana guda da nake so in kafa, in kuma kare ta daga masu suka, ita ce wannan rubutu umarni ne ga yatsa. Yana faɗa wa hannu inda zai sauka, sauran aikin kuwa ya bar wa kunne. Wanda ya gane haka zai ci moriyar rubutun tun a makonsa na farko. Wanda bai gane ba yana iya shekara yana bin lambobi daidai wa daida, amma ko maƙwabcinsa ba zai shaida waƙar da yake kaɗawa ba. Zan bi maganar ta matakai shida.

Na farko, mu san abin da ke kan takardar. Jitar da aka saba da ita tana da tsirkiya shida. Ana fara ƙidaya daga siririyar, wadda ta fi kusa da ƙasa idan ka rungumi jitar, ita ce ta ɗaya, a ƙare a kan mai kaurin da ke kusa da haɓarka, ita ce ta shida. A saitin da aka fi amfani da shi a duniya, daga mai kauri zuwa siririya, sautukansu su ne E, A, D, G, B, E. A wuyan jitar an gitta 'yan ƙarafa sirara da suka raba shi gaɓa-gaɓa, kuma duk gaɓa ɗaya da ka matsa zuwa cikin jitar, sauti yana hawa da rabin mataki. Idan ka kai gaɓa ta 12 ka raba tsirkiyar biyu daidai, sai sautin da ka fara da shi ya dawo da siririyar murya. To, tab zanen wannan wuya ne a kwance. Layi shida ne, kowane layi tsirkiya ɗaya, a kan layin kuma lamba, lambar nan ita ce gaɓar da za ka danne. Idan ka ga 3 a layin ƙasa, ka danne tsirkiya ta shida a gaɓa ta uku ka kaɗa. Idan ka ga 0, ka kaɗa ta a sake, ba dannewa. Ana karantawa daga hagu zuwa dama. Lambobin da suka biyo juna ana kaɗa su ɗaya bayan ɗaya, waɗanda aka jera a tsaye wata kan wata kuma ana kaɗa su tare. Ga gwajin da kowa zai iya yi da daren nan: a tsirkiya ta shida ka kaɗa 0 da 3, a ta biyar 0 da 2, a ta huɗu 0 da 2, a ta uku 0 da 2, a ta biyu 0 da 3, a ta ɗaya 0 da 3. Abin da zai fito shi ne tsanin sauti biyar, wanda kiɗan ƙasashen Sahel da yawa ke tafiya a kansa, kuma kunnenka zai ji kamar ya san wurin.

A nan akwai tarko biyu da kusan kowane sabon shiga ke faɗawa. Ɗaya shi ne layin sama na tab yana wakiltar siririyar tsirkiya, alhali a jikin jitar da ke hannunka ita ce a ƙasa. Maganinsa mai sauƙi ne: ka kwantar da jitar a cinyarka, fuskarta na kallon sama, ka duba wuyan, za ka ga jerin ya yi daidai da na takarda. Na biyu shi ne ɗaukar lambar a matsayin yatsa. Mutum ya ga 3 ya ce yatsa na uku, ya ga 7 ya rasa yadda zai yi, domin Allah bai ba shi yatsa bakwai a hannu ɗaya ba. Bayan lambobin akwai 'yan haruffa da ke shiga tsakani. Harafin h yana nufin ka buga yatsa a kan gaɓa ba tare da ka sake kaɗa tsirkiyar ba, p ka fizge yatsa sautin ya sauko, b ka tura tsirkiyar gefe har sautin ya hau, karkatacciyar sanda kuma ka zame daga wannan gaɓa zuwa waccan, x ka taɓa tsirkiyar ka toshe mata murya. Duk wanda ya saurari jitar Agadas ya ji h da p suna zuba kamar yayyafi, ko da bai san sunansu ba.

Na biyu, alamomin kod. Kod shi ne sautuka uku ko fiye da ake kaɗawa tare don su tallafi murya. Ana rubuta shi ta hanya uku. Akwai suna, kamar C ko Am ko G7. Akwai akwati, wanda zanen wuyan jita ne a tsaye: layuka shida na tsaye su ne tsirkiyoyi, mai kauri a hagu, layukan kwance su ne ƙarafan gaɓa, ɗigo baƙi shi ne inda yatsa zai zauna, o a sama yana nufin a kaɗa ta a sake, x kuma kada a taɓa ta. A cikin akwati, a lura da kyau, lambobin 1 zuwa 4 yatsu ne: manuni, na tsakiya, na zobe da ƙarami. Hanya ta uku ita ce jerin lambobi shida, ana farawa daga mai kauri. C shi ne x32010, G shi ne 320003, D shi ne xx0232, Am shi ne x02210, Em shi ne 022000. Me ya sa nake so ɗalibi ya iya duka ukun? Domin suna ne ke ɗauke da ma'ana, akwati da lambobi kuwa su ke ɗauke da aikin hannu. Harafi shi kaɗai babban kod ne, wanda makaɗa ke kira meja. Idan aka ƙara ƙaramin m ya zama maino. Bambancinsu sauti ɗaya ne tak ya sauka da gaɓa ɗaya. Ku dubi E, wato 022100, da Em, wato 022000: yatsa guda ka ɗaga, sai fuskar kiɗan ta sauya daga walwala zuwa jimami. Ku dubi C da Am: manuni da na tsakiya ba sa motsi, na zobe ne kaɗai ke tashi daga tsirkiya ta biyar ya koma ta uku. Wanda ya saba karanta lambobin zai ga wannan gajeriyar hanya da idonsa kafin hannunsa ya wahala. Idan kuma ka ga C/G, ana nufin ka riƙe C amma sautin ƙasa ya zama G.

Bari in yi wata 'yar ratse da ta shafe mu kai tsaye, mu da ke zaune a gefe biyu na iyaka ɗaya. Yaron Katsina ya koyi kod da haruffa irin na Ingilishi. Ɗan'uwansa na Maraɗi ya koya da sunayen da Faransa ke amfani da su: Do, Re, Mi, Fa, Sol, La, Si. Abu ɗaya ne, C shi ne Do, G shi ne Sol, Am shi ne Lam. Amma ga inda gizo ke saƙar. Wanda ya taso a ƙungiyar mawaƙan coci a Jos ko Kaduna, shi ma yana cewa do, re, mi, sai dai nasa tsarin shi ne wanda John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, inda do ke nufin tushen waƙar ko ma wane sauti ne. Idan waƙa tana kan G, to G ɗin ne do a wurinsa, alhali a wurin ɗan Maraɗi do ba ya gusawa daga C. Mutum uku ke nan a ɗaki ɗaya, kowa ya yi gaskiya, amma kiɗa ya ƙi haɗuwa. Jerin lambobi shida shi ne mai raba gardama a tsakaninsu, domin 320003 ba shi da Ingilishi ba shi da Faransanci.

Na uku, daga ina wannan rubutu ya fito? Na kawo tambayar ne saboda ana yawan cewa tab dabarar ragwaye ce da intanet ta haifa. Tarihi bai yarda da haka ba. Tun a ƙarni na 9 Alkindi ya yi amfani da haruffan abajada wajen nuna sautukan udi, kuma a ƙarni na 13 Safiyuddin al-Urmawi, wanda ya rayu a Bagadaza, ya rubuta kari da haruffa, ya sa lambobi don nuna tsawon kowane sauti. A Sin, masu kaɗa molon nan mai tsirkiya bakwai da ake kira gucin suna da rubutu tun zamanin daular Tang, wanda ke faɗin tsirkiya da wurin dannewa da yatsan da za a yi amfani da shi. A Turai, kayan kiɗan da ya fi daraja a ƙarni na 16 shi ne lut, jikan udin Larabawa, kuma da tab ake rubuta kiɗansa. A 1507 mabugin littattafai Petrucci ya buga littafin Francesco Spinacino a Benis, da lambobi a kan layi shida. A 1536 Luis Milan ya fitar da littafinsa El Maestro a Balensiya ta ƙasar Sifen, ya sa siririyar tsirkiya a layin sama, daidai yadda muke yi a yau. John Dowland na Ingila, wanda har gobe ake kaɗa waƙoƙinsa, ya buga littafinsa na farko a 1597 da tab irin na Faransa, mai haruffa a maimakon lambobi. Alamomin kod ma ba jiya suka zo ba. A 1596 wani likita, Joan Carles Amat, ya ba kod-kod ɗin jita lambobi, a 1606 kuma Girolamo Montesardo ya buga tsarin da ke ba kowane kod harafi guda. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 jita ta koma kan rubutun layi biyar, wato rubutun da makarantun kiɗa ke koyarwa. Shin waɗannan mutane ragwaye ne? Wasunsu ma fadawa ne na kiɗa, masu kaɗa wa sarakuna. Abin da suka gane shi ne kayan kiɗa mai wuya da gaɓoɓi yana buƙatar rubutun da ke magana da hannu.

Na huɗu, kuma nan ne zuciyar maganar, me takarda ta ɓoye? Tsofaffin littattafan lut suna da 'yan alamomi a saman layuka masu nuna tsawon sauti. Da tab ya shiga kwamfuta a farkon shekarun 1990, aka riƙa rubuta shi da 'yan sanduna da lambobin da ke kan allon bugu, sai wannan ɓangare ya faɗi a hanya. Taskar OLGA ta intanet, wadda aka kafa a 1992, ta tara dubban waƙoƙi a wannan siga, kuma irin wannan siga ce har yanzu ɗalibi ya fi cin karo da ita a wayarsa. Ka ga 0, 3, 5 a jere. Wanne ne dogo, wanne ne gajere? A ina ake jan numfashi? Wanne ake kaɗawa da ƙarfi? Takarda ta yi shiru. Lambobi ukun nan suna iya zama farkon waƙoƙi da yawa da ba su yi kama da juna ba. Haka takardar kod take: ta ce maka G, ta ce maka D, amma ba ta ce hannun dama ya sauka sau nawa ya tashi sau nawa ba, ba ta ce tafiyar huɗu-huɗu ce ko uku-uku ba, alhali kiɗanmu da yawa a kan uku-uku yake rausaya. Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, amma Bahaushe yana ɗaukar jarida ya karanta ba tuntuɓe, domin harshen yana cikin kunnensa tun kafin ya ga harafi. Baƙon da bai taɓa jin Hausa ba kuwa, ko ya haddace baƙaƙen duka, idan ya buɗe baki ba za a gane shi ba. Haka tab yake ga wanda bai saurari waƙar ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to a fagen kiɗa karin maganar ba ta ci ba.

Akwai abu na biyu da takarda ke ɗauka cewa ka riga ka sani, shi ne saitin jitarka. Lamba ba ta da sauti nata na kanta, tana aro ne daga ɗaurin tsirkiya. Idan tsirkiya ta saki, 3 ɗinka ba 3 ɗin marubucin ba ne. Ma'aunin da duniya ta amince da shi ya sa sautin A a kan kaɗawa 440 a daƙiƙa, kuma manhajar saiti a waya tana bin wannan. A ƙasarmu, inda hunturu ke busar da itace, zafin bazara kuma ke sa tsirkiya ta saki, saiti wajibi ne kafin kowane zama. Sannan ba kowane makaɗi ke bin saitin da aka saba ba. Marigayi Ali Farka Ture na Mali, da wasu makaɗan hamada, sukan ɗaga tsirkiya ta shida daga E zuwa G don ta riƙa amsa musu a sake. Wasu suna ɗaura matsin da ake kira kafo a wuyan jitar, wanda idan yana gaɓa ta biyu, riƙon C zai fitar da sautin D. Saboda haka layin farko da ya kamata ɗalibi ya karanta shi ne bayanin da ke saman shafi. Abu na uku, mafi yawan tab na intanet masu sha'awa ne suka rubuta shi da kunnensu, babu wanda ya tace. Wani daidai, wani kuskure. Wa zai tantance? Kunnenka.

Na biyar, mu saurari masu suka, domin suna da hujja. Suka ta farko daga gida take. Za a ce: Ɗanmaraya Jos, Allah ya jiƙansa, da tsirkiya ɗaya a kuntigi ya zaga duniya, wace takarda ya karanta? Ibrahim Na Habu da kukumarsa fa? Ko a jitar ma, Bombino, wanda aka haifa a 1980 kusa da Agadas, da kallon bidiyo da sauraro ya goge. Mdou Moctar da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Gaskiya ne, ba takarda ce ta yi su ba, kuma wannan yana ƙarfafa rabin maganata, cewa kunne shi ne gaba. Amma mu tambayi kanmu, me suka samu wanda yaron da ya sayi jita ta hannu a Gusau ko Damagaram bai samu ba? Makaɗin gargajiya yana tashi ne a gidan kiɗa ko a gaban ubangida, yana ɗaukar kaya, yana amshi, shekara da shekaru yana kallon hannun gwani. Matasan Agadas sun sami gari cike da masu jita da bukukuwa. Wanda ba shi da ko ɗaya daga ciki, takarda tana maye masa wani yanki na wannan gurbi, domin tana nuna masa hannun gwanin da ba zai taɓa zama kusa da shi ba. Ba mu ce ta kai ubangida ba. Mun ce da babu gara ba daɗi.

Suka ta biyu daga makarantun kiɗa take. Malaman rubutun layi biyar, wanda asalinsa ke komawa ga Guido na Arezzo a ƙarni na 11, suna cewa tab yana hana ɗalibi sanin kiɗa, yana maishe shi mai bin lamba, kuma ba zai iya zama da mai fiyano ko mai kakaki su karanta takarda ɗaya ba. Kashi na ƙarshe gaskiya ne, kuma duk mai son ya yi nisa, ya shiga ƙungiyar badujala ko ya rubuta wa wasu kayan kiɗa, to lalle ya koyi layi biyar. Sai dai kowane rubutu yana da abin da ya faɗa da abin da ya bari. A jita, sautin da siririyar tsirkiya ke bayarwa a sake, za ka same shi a gaɓa ta 5 ta tsirkiya ta biyu, da ta 9 ta tsirkiya ta uku, da ta 14 ta tsirkiya ta huɗu, da ta 19 ta tsirkiya ta biyar. Sauti ɗaya, wuri biyar, kowane wuri da ɗanɗanonsa da sauƙinsa. Layi biyar ya faɗi sautin da tsawonsa, sai an ƙara masa alamomi kafin ya faɗi wurin. Tab ya faɗi wurin kai tsaye. Shi ya sa littattafan jita da yawa na yau, da manhajoji irin su Guitar Pro, suke ɗora ɗaya a kan ɗaya. Game da zargin hana fahimta kuwa, sunan kod shi kansa ƙofar fahimta ne. Ɗalibin da ya lura cewa C, F, G da G, C, D tafiya ɗaya ce daga tushe daban, ya riga ya taɓa abin da makaɗan situdiyo na Nashbil a Amurka suka mayar da tsari tun ƙarshen shekarun 1950, inda suke rubuta 1, 4, 5 su kaɗa a kowane tushe mawaƙi ya nema.

Suka ta uku ta matasa ce: ga bidiyo a YouTube, me za a yi da takarda? Bidiyo alheri ne, yana ba ka sauti da motsin hannu tare. Amma bidiyo yana tafiya ne da saurinsa, takarda kuwa tana jiranka. Bidiyo yana cin data da caji, shafi ɗaya na littafi kuwa yana ɗaukar waƙa sukutum, ka gan ta daga farko har ƙarshe a kallo ɗaya, ka sa fensir ka yi alama inda ka kasa. Kuma malamin bidiyon da kansa zai ce maka riƙe Am, koma G. Idan ba ka san alamar ba, da wane harshe za ku yi magana?

Na shida, to yaya za a yi? Ga tsarin da hujjojin nan suka kai mu gare shi. Kada ka buɗe tab ɗin waƙar da ba ka iya rerawa da bakinka ba. Saurare ta har ta zauna, ka tafa bugunta da hannu, ka gane huɗu-huɗu take ko uku-uku. Sannan ka saita jita, ka karanta bayanin saman shafi, ka ɗauki guntu ƙarami, ka kaɗa a hankali ƙwarai, ƙafarka na riƙe da bugu. Sauri daga baya yake zuwa, sannu ba ta hana zuwa. A kod, fara da Em, Am, C, G da D, ka kaɗa tsirkiyoyin ɗaya-ɗaya don ka ji wadda ta toshe, ka danne dab da bayan ƙarfen gaɓa da kan yatsa. Yatsu za su yi zafi na 'yan makonni kafin su yi kanta, wannan kowa ya sha shi. F mai neman a shimfiɗa manuni a kan tsirkiya shida, ka jinkirta shi, ba gudu yake ba. Duk lokacin da takarda da faifai suka saɓa, faifai ne mai gaskiya, ka gyara takardar. Idan guntun ya zauna, ka kife littafin ka kaɗa da ka. Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa: ka ɗauki karin da ka sani tun yarinta, ka nemo shi a wuyan jita da kunne, ka rubuta tab ɗinsa da hannunka. Ranar da ka iya haka, ka tashi daga mai bin rubutu ka zama mai shi.

A kan wannan mataki nake da roƙo ga malamai da makaɗan da ke zauren nan. Masananmu, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun yi babban aiki wajen taskace baitocin makaɗa da tarihinsu. Cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai tana adana kayan kiɗan gargajiya. Amma aikin yatsa, yadda aka danne da inda aka danne, kaɗan ne daga cikinsa ya hau takarda. Faifai yana adana abin da aka ji, ba ya adana yadda hannu ya yi. Na san akwai iyaka. Gurmi da garaya da goge ba su da ƙarafan gaɓa, kuma akwai sautukan da ke faɗawa tsakanin gaɓa biyu na jita, don haka tab ba zai kama su cif ba. Amma kiɗan jitar da ake yi a Agadas da Yamai da Kano da Jos, wannan yana rubutuwa yau ɗin nan, da takarda mai layi da biro. Mu rubuta shi, mu sa sunan mai waƙa, mu nemi izininsa idan za a buga a sayar, domin rikicin haƙƙin mallaka ne ya rufe OLGA a 2006. Mu kuma haɗa kowane shafi da faifan da ya fito daga gare shi, domin ɗalibi ya ji kafin ya gani. Yaron da zai ɗauki jita nan da shekara goma yana da haƙƙi a kanmu, ya buɗe littafi ya sami kiɗan garinsu a ciki, da bayani cikin harshen da yake tunani da shi.

Mai girma shugaba, iyayena malamai, 'yan'uwa, a nan zan dasa aya.  Na ga wasu sun zo da jitarsu, don haka duk mai tambaya, ko mai gyara, ko wanda bai gamsu da wata hujja ba, bismillah, fili naku ne, in ta kama mu gwada a kan tsirkiya kowa ya ji.